Neman Baƙin Yadin da Ba Ya Zuba

Paikon Kore

Ina idar da sallar asuba na fita. Aikin maƙwabciyata Maman Rifkatu ne ya fitar da ni. Mijinta ya rasu, ta kawo mini fararen rigunansa in yayyanka in haɗa mata bargo, in zagaye shi da baƙin yadi. Idan baƙin ya zuba a wanki, rigunan sun tafi ke nan, kuma babu wasu. Ɗan acaɓa ya kai ni Gwagwalada, bai bar rami ko ɗaya ba.

Jabi

Mota ba ta cika ba sai da rana ta ɗaga. Ga matsi, ga buhun doyar wani a kan ƙafata. A Jabi na ci ƙosai a tsaye, na shiga tasi zuwa kasuwa.

Kasuwa

Na tafi da farin tsumma da ruwan leda. Duk bandir ɗin da aka sauko mini, sai in jiƙa tsumman in goga. Kowanne sai ya bar baƙi.

"Hajiya, wanki kika zo yi ko sayayya?" in ji mai yadin.

"Ban je Makka ba. Sauko da wancan."

Wancan bai zuba ba. Na ce ya yanka. Yana awo Maman Rifkatu ta kira ni a waya, na juya baya saboda hayaniya.

Hanyar gida

Mun fita daga gari sai ruwa ya kece. Gilashin motar ba ya rufuwa.

"Direba, muna jiƙewa!"

"Mama, ni ma ba a ɗaki nake ba."

Yadin na kan cinyata, ledarsa ta yage. Da na ɗaga, farin hijabina kamar na goge gindin tukunya da shi. Ashe da na juya baya, wani bandir ya yanko mini. Na ce a sauke ni. Na tsallaka titi na koma.

Kasuwa kuma

Na shimfiɗa hijabin a kan teburinsa, a gaban masu saye.

"Mama, kuskure ne. Ai duk baƙi ne."

"Sauko da wancan. Hannuna na kan bandir ɗin za ka yanka."

Gida

Na iso da magariba, jiƙe sharkaf. Washegari na jiƙa yadin a ruwan gishiri, na wanke shi tare da guntun farin tsumma. Tsumman ya fito fari tas. Sai a lokacin na yarda na sa almakashi a rigar marigayi.

Maman Rifkatu ta leƙo ta ga hijabin a igiya. "Me ya same shi haka?"

Na ce, "Abin da rigunan mijinki za su sha ne ya sha."

Alhamdu lillahi. Baƙin da ke jikin hijabin har yau bai fita ba. Da shi nake zuwa gona.