Kwalbar da Baba Ya Murɗe

Har yau in na ji wani ya ce ganganci mahaifina ya yi, raina ɓaci yake kamar jiya abin ya faru. Ganganci a ina? Mutumin da ko kwalbar kananzir ba ya bari a buɗe a gidansa.

A shekarun alif ɗari tara da hamsin ne. Ina koyarwa a wata makarantar mishan a Sabon Gari, Baba kuma ya bar gona a ƙauyenmu ya samu aikin shara da wanke kwalabe a wani ɗakin gwaje-gwaje a Samaru. Kullum da sassafe yake hawa kekensa daga Dogarawa. Yana ji da aikin nan ba kaɗan ba.

A lokacin bincike suke yi kan zaren rama. Akwai wani ruwa da suke jiƙa ɓawon a ciki don ya saki zarensa, asid ne da suke kira farasitik. Ban san komai a kansa ba sai da ya cuce mu, sannan wani malamin ɗakin, ɗan cocinmu, ya zauna ya yi mini bayani. Ruwa biyu ake haɗawa: mai tsami irin na khal, wato binega, amma mai ƙarfi sosai, da mai kumfan nan na wanke ciwo. Ba nan take suke haɗuwa ba, sai an yi kwana da kwanaki. In ya haɗu kuma ba ya zama lafiya, kullum yana lalacewa kaɗan-kaɗan yana fitar da iska. In gari ya yi zafi ya ƙara sauri, in ɗan tsatsa ya faɗa ciki ya ƙara. Shi ya sa ba a matse murfinsa, ana bar wa iskar hanya.

To, mu a wajenmu wa ke barin murfi sakwa-sakwa? Tulu a rufe, randa a rufe, rumbu a rufe. Wata Asabar a tsakiyar bazara Baba yana shara ya ga kwalabe a kan kanta murafansu na rawa. Ya ɗauka malamai ne suka manta garin saurin tashi. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya ya murɗe da hannun nan nasa na manomi. Da yamma har labari ya ba ni yana dariya, wai 'yan boko sun iya karatu amma ba su iya rufe kwalba ba.

Litinin da safe ya ɗaga ɗaya zai goge ƙarƙashinta, ta fashe masa a fuska. Idon dama ya tafi.

Yana kwance a asibiti aka aiko wai an sallame shi daga aiki, ya taɓa abin da ba a sa shi ba. Wallahi wannan ya fi idon yi masa ciwo. Ya riƙe hannuna ya ce, "Ke, je ki faɗa musu gyara na yi. Da ido ɗaya ma zan iya shara."

Na tafi Samaru da rana tsaka. Baturen da ke shugabantar ɗakin ya ba ni kujera, ya yi jaje da 'yar Hausarsa.

Na ce, "Ranka ya daɗe, wa ya gaya masa ba a matse murfin?"

Ya ce duk mai aiki a ɗakin gwaji ya san wannan.

"Ni malama ce, ban sani ba. Shi a ina zai sani, a kunyar dawa?"

Ya ɗaga kafaɗa ya ce an riga an ɗauki wani. Na miƙe tsaye. Mutanen nan sun san yadda ruwan ke aiki a zafi da yadda yake aiki a sanyi, har gwadawa suke da agogo, amma buɗe baki su gaya wa mai shara ya gagare su.

Ina fitowa na tarar da sabon mai sharar a baranda, wani dattijo daga Hanwa, riƙe da tsumma. Na tambaye shi ko an yi masa bayanin kwalaben nan.

Ya ce, "Waɗanne kwalabe, 'yata?"

Na tsaya nan a rana na gaya masa da Hausa. Bayanin duka bai kai tsawon gaisuwar da muka yi ba.