Wayoyin da Baba Ya Naɗe da Harami

Ana saura kwana kaɗan hawan Arfa, shekarar da na fara famfara, Baba ya buɗe kan tsohuwar motarsa a ƙofar gidanmu na unguwar Jarwal a Makka, ya tarar ɓeraye sun yi biki. Wayoyin mota na wancan zamani da zare ake naɗe su, kowace da launinta, to duk sun cinye rigar, sun bar jan ƙarfe tsirara. Ga shi ya yi wa mahaifiyarsa, Inna, alkawarin a motar nan zai kai ta Arfa, ita da ta tako daga ƙasar Hausa, ta biyo ta Sudan, har ƙafafunta suka daina ɗaukarta.

Aka nemi sabuwar waya aka rasa, bakaniken unguwa kuma motocin alhazai sun sha masa kai. Sai Baba ya ɗauko tsohon haramin da wani alhaji ya bar mana, ya ce tufan da ya je Arfa ba zai ƙi komawa ba. Ni ke yaga shi siri-siri, ina tsomawa a narkakken kakin zuma, shi yana naɗewa. Inda hannunsa bai shiga ba, nawa ake turawa. Ɗiban ruwa ya tsaya, wasan 'yar tsana ya tsaya, yatsuna duk suka yi bororo. Inna na daga tabarma tana cewa, "Kai dai Habu, tun kana yaro ba ka tambaya."

Da aka gama, sai ga wayoyi fari fat, kamar alhazai a Mina, ba ka gane ta fitila daga ta batir. Ya haɗa, hon ya kama kuka. Ya sake, hayaƙi ya tashi. Rana ta take, kakin ya bi hannunmu yana ɗiga. Ya kwance, ya ɗaura, ya kwance, har unguwa ta watse aka bar mu da kuliyoyi. Inna ta cire mayafinta ta ninke, ta ce, "Zuba mini shayi, 'yar nan." Motar ba ta tashi ba, Inna kuma ba ta ga wata Arfar ba.

Yau jikokina daga unguwar Shisha suke ɗaukata a mota mai sanyi, kafin in gama salati mun isa Arfa. Ba ni da abin cewa sai godiya. Amma kujerar gefena nakan duba.