Ruwan Ƙwarya da Motar Funtuwa

Jikata ce ta karanta mini, don karatuna na yaƙi da jahilci bai kai can ba. Wai Turawa sun ƙera na'urar da ta ji girgizar karon wasu matattun taurari, can nesa ba iyaka. Har biyu suka gina, kowace a garinta, don kada motsin kusa ya ruɗe su. Na ce sun yi hankali. Mu da ƙwarya ɗaya muka dogara.

Ƙauyenmu yana tsakanin Faskari da Sabuwa, bisa wani shimfiɗaɗɗen dutse. Tun ba a ba da mulkin kai ba ke nan, mota ba ta da ranar zuwa. Sai a cika ƙwarya da ruwa a ajiye kan dutsen. In babbar mota ta hau gadar katako, ruwan kan yi rawa tun kunne bai ji ba, matafiyi ya samu ya kai bakin hanya.

Yayata ta kwana tana naƙuda, ungozoma ta ce sai a bi da ita Funtuwa wurin likita. Gwaggo aka sa gadin ƙwarya. Da hantsi ta ce, "Ta taho!" Maza suka ɗauki Yaya a gadon kara, muka bi da gudu. Muka zauna cikin rana har azahar, ko jaki bai wuce ba.

Na ce, "Gwaggo, ina motar taki?"

"Ke rufe mini baki. Gani na yi, ba ni ke tuƙa ta ba."

Ashe maƙwabta ne suka hau dakan gero a ɗaya gefen dutsen. Muka maido Yaya, jini na bin zanenta.

Inna ba ta yi wa kowa faɗa ba. Gida gida ta bi tana karɓe taɓarya, ni ina ɗauka. Wata tsohuwa ta ce, "To mi za mu ci, baiwar Allah?"

"Ku dafa rogo, Iya. Ɗiyata ma ba ta ci ba."

Gari ya yi tsit. Da la'asar ruwan ya motsa, kuma mota ce. Sai dai ƙwarya ba ta faɗin daga ina. Motar daga Funtuwa take, za ta Sabuwa ɗauko auduga. Sai da safe ta dawo, aka kwantar da Yaya bisa buhuna.

Ta rayu. Ɗan bai zo da rai ba, kuma ba ta sake haihuwa ba.