Waƙoƙin Sama na Maigidana

Abin da zan faɗa ya faru ne shekara biyu ko uku bayan bazarar nan da samari suka yi ta fasa shaguna a cikin gari. Na san haka ne domin a lokacin an riga an rufe ɗakin karatun unguwarmu, an daina kawo ƙaramar bas mai kwasar tsofaffi ranar Talata, amma ƙanwata ba ta rasu ba tukuna a Kafanchan. Ni ban yi makaranta ba, ba na riƙe shekara da lamba. Da abin da ya faru a cikinta nake riƙe ta, kuma har yau ba wanda ya taɓa gyara mini lissafi.

Maigidana ya zo Manchester ne koyon injin saƙa, daga masaƙar Kaduna. Koyo ya ƙare, shi bai koma ba, ya kama tuƙin bas. Na biyo shi da 'yarmu a goye. Na share ofisoshi har gwiwoyina suka ce sun gaji. Amma in an zo coci, ni ce mai ba da waƙa a zumuntar mata. Waƙa ba ta taɓa shiga kunnena sau biyu ta fita ba. Masu digiri suna riƙe da littafi suna laluben layi, ni ina gaba hannuna ba komai, su ke bi na.

Shi kuwa Maigida waƙoƙin Turawa yake so, irin na da, masu jita da ganga, waɗanda ake sawa a rediyo ana ta maimaitawa. Ranar Lahadi bayan sujada sai ya ajiye rikoda a gaban rediyo, ya zauna yana gadi kamar mai jiran kifi, in wadda yake so ta fito ya danna. A cikin kaset ɗinsa duka akwai wani guda da ya ɗiga wa jan farcen 'yarmu don kada ya ɓace. Wannan kaset ɗin, shekaru ya yi yana tara shi, domin ya sa wa kansa doka: waƙa ba za ta shiga ba sai in akwai Sama a cikin sunanta.

Nakan ce masa, “Maigida, ka ji tsoron Allah. Wannan ihun ne na Sama?”

Sai ya ce, “Mama, ke kina rera wa Sama waƙa ranar Lahadi, ni kuma direba ne, kullum ina hanya. Bari in ji yadda su ma suke nemanta.”

“Neman mata suke yi, ba Sama ba. Ko Turanci ban ji ba na san wannan.”

“To ai ni na samu tawa, ga ta nan tana yi mini faɗa.”

Haka muka yi shekaru. Kowace safiya shi ne kaset ɗin da yake sawa kafin ya fita aiki, ni kuma kowace safiya sai na yi tsaki.

Da ciwon mantuwa ya kama shi, a hankali ya zo. Ya fara da manta sunan tituna, mutumin da ya tuƙa bas a garin nan har gashinsa ya yi fari. Daga nan na samu takalminsa a firji. Daga nan ya fara jin tsoron ruwa. In aka ce wanka sai ya riƙe ƙofa da hannu biyu, kuma ƙarfinsa na nan, bai tafi da hankalin ba.

Aka turo mana mai kula da tsofaffi, wata baiwar Allah 'yar Ghana, Musulma, Hausarta ta zango mai daɗin ji. Ni Mma take ce mini, shi kuma Baba. Da farko awa guda take yi a wurinmu. To sai zamanin tsuke bakin aljihu ya shigo, aka rufe gidan da tsofaffi ke wuni, aka yanke mata lokaci ya koma minti goma sha biyar. A cikin minti goma sha biyar ɗin nan za ta yi wa ƙaton mutum wanka, ta sa masa kaya, ta rubuta a littafinta, ta ruga ta kama bas zuwa gida na gaba.

Ni na gano dabarar, ba likita ba, ba nas ba. Na lura in kaset mai jan farce yana yi, jikinsa yana tuna abin da kansa ya manta. Waƙar farko, ta wata mata mai babbar murya, sai ya tashi zaune ya laluɓi silifas. Ta biyu doguwa ce, tana farawa a hankali kamar mai lallashin yaro, can sai ta haukace. A cikinta yake aske gemu, da kansa, ba ya yanka ko'ina. Ta uku ta wani mutum ce mai murya kamar ya yi kuka ya gaji. Da ta fara sai ya cire riga ya nufi banɗaki. Saboda haka nakan leƙa ta taga, in na hango 'yar Ghana ta sauko daga bas can ƙasan titi, na san inda zan kai kaset. Tana buɗe ƙofa, ta uku na farawa.

Akwai kuma wani abu a ƙarshen ta ukun. Ranar da ya ɗauke ta, tun muna da ƙuruciya, ban san rikoda na aiki ba, na ɗaga murya daga kicin na ce, “Maigida! Kunu zai huce!” Muryata ta shiga kaset, har da ƙarar cokali. Maigida ya ƙi gogewa. Sau nawa na roƙe shi. To a kwanakin ciwon, in wannan muryar ta fito, sai ya amsa da ƙarfi, “Ina zuwa!” ya zo tebur ya zauna, ya sha kununsa da maganinsa.

'Yar Ghana takan yi dariya ta ce, “Mma, waƙoƙin Aljannar Baba sun fi ni aiki. Su ya kamata a biya.”

Muna hawa na uku ne a lokacin, lif kuwa yau yana yi gobe ba ya yi. Bayan dogon jira aka ba mu fulat a ƙasa, mai ɗaki ɗaya. Matan zumunta suka zo taya ni haɗa kaya, kamar yadda muke yi wa juna. Mu takwas ko tara, da zanin zumunta, ana naɗe kwanuka ana waƙa, ni ina bayarwa suna amsawa. Maigida yana kujera yana kallonmu yana murmushi, bai san ko su wane ne ba.

Sai matar fasto ta kai hannu kan rikoda. Yarinya ce a kaina, ba ta da mugun nufi. Ta ce, “Bari mu ji abin da Mama ke saurara a ɓoye, da ya sa ta fi mu murya.” Ta danna. Kaset ɗin kuwa yana daidai inda doguwar nan ke haukacewa. Jita ta yi wata ƙara kamar an taka wutsiyar kyanwa, wani ƙato yana ihu a bayanta.

Ɗakin ya fashe da dariya. Wata ta ce, “Iye! Mai ba da waƙa da kanta!” Wata ta kama rawa tana kaɗa kai irin na 'yan giya. Wata ta ce, “Ashe Mama 'yar disko ce, mu ne ba mu sani ba.”

Da na ce na Maigida ne, da shi yake wanka, da magana ta ƙare. Kalma nawa ce? Amma in na faɗa, na faɗa wa matan coci cewa mijina ba ya iya wanka sai an lallashe shi, ni kuwa ban taɓa buɗe wa kowa wannan ba. Kuma ga dariyar tana cina. Shekara talatin ina gabansu, ba wadda ta taɓa yi mini dariya. Na ji bakina ya ce, “Tarkacen da ne. Cire ki jefa a shara.”

Ta cire ta jefa a baƙar leda. Na bi ledar da ido, na ce a raina in sun tafi zan ciro. Ina can ina nuna inda za a sa tukwane, mazan da suka zo da mota suka kwashe ledojin duka suka sauka da su. Da na samu kaina na gangara, hawa uku da gwiwoyin nan, babban kwandon gidan ya cika da baƙaƙen ledoji iri ɗaya, na mutane da yawa. Na buɗe wajen goma. Ruwan sama yana zuba a kaina. Wata Baturiya ta tsaya ta miƙo mini biredi, tana tsammanin abinci nake nema. Washegari da safe motar shara ta kwashe.

Safiyar farko a sabon gida, Maigida ya ƙi tashi. Ta biyu ya riƙe ƙofar banɗaki. Ta uku ya ture 'yar Ghana har kafaɗarta ta bugi bango. Ta zauna a bakin gado tana murza wurin, ta ce, “Mma, ina kaset?”

Na ce, “Ya ɓace wajen ƙaura.”

Ta dube ni, ba ta ƙara tambaya ba. Ta ce, “Yau zan rubuta cewa ya yi wanka. Gobe ma zan iya. Amma Mma, ba zan yi ta rubuta ƙarya ba, kuma in wata aka turo ranar hutuna, ita za ta rubuta gaskiya. In hukuma suka ga ba a iya kula da shi a gida, za su ɗauke shi. Kin gane?”

Na gane sarai.

Na kira 'yata. Nas ce a Birmingham, tana zaune a unguwar Ladywood. Ta taso ranar hutunta, na faɗa mata komai, ita kaɗai. Ba ta yi mini faɗa ba, da ma ta yi. Ta ciro waya ta ce, “Mama, ba komai, duk waƙoƙin duniya suna cikin nan. Faɗa mini sunayensu.”

Na ce ban sani ba. Abin da na sani kawai, kowace akwai Sama a sunanta.

Ta rubuta, ta tura yatsa, ta tura, ta tura, abin bai ƙare ba. Ashe Turawan nan ba wanda bai yi wa Sama waƙa ba. Ta riƙa sa mini ɗaya bayan ɗaya, ina cewa ba ita ba ce. Da muka gaji, na rufe ido na yi abin da ban taɓa yi ba. Na rera. Ba da kalmomi ba, da hanci da maƙogwaro, har da inda ganga ke shiga. Ashe duk shekarun da nake tsaki, suna zaune a kaina daram. 'Yata ta tsaya tana kallona, ta ce, “Mama, ke ce haka?” Kafin la'asar mun samo duka ukun, mun jera su yadda suke.

Da safe muka gwada. Matar nan mai babbar murya ta fara, sai ga shi ya tashi zaune yana laluben silifas. Na riƙe hannun 'yata. Doguwar ta zo, ya yi aski. Ta uku ta zo, ya cire riga, 'yar Ghana ta shiga da shi tana cewa Alhamdulillahi a hankali. Ya fito tsaf, ya tsaya a tsakiyar ɗaki da tawul a wuya. Waƙa ta ƙare. Wayar ta yi shiru.

Na ruga kicin, na ɗauki cokali na buga a kwano, na ɗaga murya: “Maigida! Kunu zai huce!”

Bai amsa ba. Na sake. Ya tako zuwa ƙofar kicin ya leƙo, ya dube ni daga sama har ƙasa cikin ladabi, ya ce, “Sannu, Kaka. Ba ki ga matata ba? Yanzu za ta kira ni.”

Na ce, “Ni ce.”

Ya yi 'yar dariya, ya koma ya tsaya inda yake, yana jira. Kunu ya huce. Bai ci ba, bai sha magani ba. Da muka matsa masa, ya fara kuka yana cewa mun ɓoye ta.

Mun gwada komai. Na siranta murya. 'Yata ta faɗa a madadina, tunda ana cewa muryarmu ɗaya. Ta ɗauki tawa a waya ta liƙa a ƙarshen waƙar. Wani lokaci yakan juya kai, sai ya girgiza. Waccan matar yake jira, mai shekara talatin da wani abu, wadda na ce a jefa a shara. Bayan 'yan kwanaki ma ya daina yarda da waƙoƙin, domin ya gane in sun ƙare ba wanda ke kiransa. Ya rame. Wata mata daga hukuma ta zo da jaka da takardu, ta yi magana mai laushi, 'yata na fassara mini. Na ce zan iya da shi. Ta dubi gwiwoyina, ta dubi littafin 'yar Ghana. Ba ta yi gardama da ni ba, rubutu kawai ta yi.

Gurbin da 'yata ta iya samo masa a gidan kula da tsofaffi yana Birmingham, wajen Aston, inda za ta riƙa leƙa shi bayan aiki. Ni na zauna a Manchester ina gadin fulat mai ɗaki ɗaya da aka ba mu saboda shi. Duk ranar Alhamis nakan hau doguwar bas da kunu a fulas. In na shiga yakan gaishe ni da kyau, ya ba ni kujera, ya ba ni labarin matarsa, wai ta fi kowa murya a coci amma ba ta son waƙoƙinsa. Nakan ce masa tana so, kunya ce kawai. Yakan ce, “Ba ki san ta ba.”

Hunturu biyu ya yi a can, ya rasu.

Matar fasto ta bi mijinta sun koma Jos, har yau ba ta san abin da ta jefa ba, kuma ba laifinta ba ne. Cikin matan da suka yi dariya ranar nan, huɗu mun binne su, ni na ba da waƙa a kan kowace. 'Yar Ghana tana nan, bayanta ya hana ta aiki, takan aiko mini da nama da Babbar Sallah. 'Yata tana nan. Ni ma ina nan, da waƙoƙi uku a kaina da ban san sunansu ba.