Nasarar da ta Sayi Tampure

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Laraba, sha biyu ga watan Maris, muna cikin azumi, Allah ya karɓi ran Huriya Mezyan a ɗakinta na gidan marayunmu da ke Wahiguya, bayan doguwar jinya. Ni Rasmata Ganame, mai renon jarirai a gidan, ni na rufe mata ido. An ce in rubuta wani abu a kanki, Huriya, ni kuwa ban iya dogon yabo ba, kin san halina. Abin da na gani da idona shi zan faɗa.

Daga Marsai ta Faransa kika zo mana, kina ma'aikaciyar jinya, aikin sa kai na wata uku. Mun saba da irinku. Su zo da kayan wasa da na'urar ɗaukar hoto, su yini da yaro a hannu, ranar tafiya su yi kuka, su bar mu da jariran da suka saba da hannu suna tsala ihu. Na ɗauka ke ma haka ce. Abin da ya fara ba mu mamaki shi ne da kika shimfiɗa darduma, muka ji ashe iyayenki mutanen Aljeriya ne. Tun ranar yara suka sa miki Nasara mai salla. Tuwo kuwa da cokali kike ci, muna yi miki dariya, kina cewa miyar kuka ce ba ta da tarbiyya.

Yawancin yaran gidanmu suna da dangi. Uwa ce ta rasu wajen haihuwa, a kawo mana jariri mu shayar da shi, in ya yi ƙafa su zo su ɗauki abinsu. Haka Yaba Tene ta kawo jikanta a cikin tsumma, da zoben ƙarfe a idon sawunsa. Uwarsa ta binne 'ya'ya uku kafin shi, sannan ta bi su. Don haka aka sa masa suna Tampure, wato juji, aka kuma sayar da shi ga maƙeri kamar yadda ake yi a ƙauyensu, don in mutuwa ta zo ta tarar ba ɗan gidan ba ne, bawan wani ne. Zoben shi ne shaidar cinikin. Mu duk mun san wannan, shi ya sa babu wanda ya tuna ya gaya miki.

Cikin zafin bazara yaron ya kwanta. Zazzaɓi, gudawa, ƙafafu suka kumbura, zoben ya nutse cikin nama har tafin ƙafar ya fara baƙi. Likita ya sa masa ƙarin ruwa ya ce kada a motsa shi. Ina bayan gida ina wanki kika samo filaya kika datse ƙarfen, kika wanke ciwon, kika jefa guntayen a kwandon shara. Da na shigo na ga ƙafar ba zobe, na san mun shiga uku, don ranar kasuwa ce, ranar da dangi ke zuwa duba yaransu.

Ban gama yi miki bayani ba muka ji babur. Yaba Tene ce da Salfo, ƙanen uban yaron. Da ta ji ba shi da lafiya ko gaisuwa ba ta tsaya yi ba, ta wuce ɗaki, ta ɗaga zane. Ba ta yi kuka ba, ta dai zauna a ƙasa ta ɗora hannu a ka. Salfo ya tambayi wanda ya taɓa ƙarfen. Na buɗe baki zan rufa miki asiri, kika riga ni, kika dafa ƙirjinki.

"Yarinya, kin nuna wa mutuwa shi," in ji tsohuwar. Ni ce tafinta, dole na mayar miki da maganar yadda take.

Salfo ya zare allurar daga hannun yaron, ya naɗe shi a zanen kakarsa, ya ce in mutuwa ce gara ta same shi a gidan ubansa. Ƙauyensu tafiya ce mai nisa a kan babur, ga rana tana dukan ƙasa, ga yaro ko kuka ba ya iya yi. Ni da ke mun san ba zai kai rabin hanya ba. Shugaban gida ya ce a kira jandarma. Na ce masa in jandarma suka taka ƙofar nan, kafin kasuwa ta zagayo kowane ƙauye zai zo ya kwashe jariransa, kuma babu mai sake kawo mana wani. Kika ja ni gefe, kika tambaye ni wa Salfo zai ji maganarsa. Na ce mutum ɗaya ne, tsoho Kindo maƙeri, wanda ya sa zoben.

Kika zuba hannu cikin shara kika tsinto guntayen ƙarfen, kika hau babur ɗina, ke da ba ki fi sau biyu kina tuƙa shi ba. Ni kuma na tare ƙofa na ce wa Salfo bai sha ruwan maraba ba. A wurinmu baƙo ba ya tashi bai sha ba, ko da faɗa ya zo yi. Ya harare ni, amma ya zauna da yaron a cinyarsa. Wallahi ban taɓa yin farau-farau a hankali kamar na ranar ba. Na surfa gero, na wanke, na daka, na jiƙa tsamiya, na ce sukari ya ƙare a aika kanti. Ina daka ina leƙen ƙirjin yaron ko yana motsi. Salfo ya ce, "Rasmata, yau sai geron ya tsiro za a dama?" Na ce masa ruwan manya ba a yi masa gaggawa. Da dabara ta ƙare na miƙa masa ƙwarya, ya kurɓa sau ɗaya, ya miƙe, ya nufi ƙofa.

A bakin ƙofar ya yi kiciɓis da ku. Gwiwarki na jini don kun faɗi a yashi, tsohon yana bayanki ya rungume gudumarsa. Kindo ya sunkuya ya ajiye gudumar a tsakiyar ƙofa. Ba a tsallake ƙarfen maƙeri, ba a kuma mayar masa da roƙo. Salfo ya tsaya cak.

Tsohon ya ce yaron nasa ne, shi ya saya, don haka shi aka yi wa laifi, ba Salfo ba. Sannan ya juyo gare ki.

"Ke Nasara, a garinku haka ake yi? A ga akuyar mutum a ɗaure a kwance ta? To wanda ya tsinke igiya shi ya ɗauki akuya. Sai ki saye shi."

Kuɗin ba komai ba ne, gishiri cikin tafin hannu da goro. Sharaɗin ne mai nauyi: wanda ya sayi yaro ba ya nisa sai yaron ya taka da ƙafarsa, don in mutuwa ta zo tambaya a nuna mata mai shi. Saura 'yan makonni jirginki ya tashi, aikinki na jiranki, mahaifiyarki na ƙirga kwanaki. Na fassara miki duka, na ƙara da nawa a hankali, na ce ki amsa kawai, in lokaci ya yi wa zai bi ki Faransa?

Kika ce, "Rasmata, ni ban yarda ƙarfe na tsare rai ba. Amma tsohuwar nan ta binne huɗu, ba zan yi mata ƙarya ba."

Na tsorata ƙwarai, don na ɗauka ƙi za ki yi. Babu mai motsi a tsakar gidan, sai ƙudaje a bakin yaron. Can kika ɗago kika dubi Yaba Tene, kika faɗa da harshenmu, da gurguwar Morancinki, "Na saya." Tsohuwar da kanta ta karɓe shi daga hannun Salfo ta ɗora miki. Kika ruga ɗaki neman jijiya a hannun da ya bushe kamar kara, kika sha wahala kafin kika samu.

Tampure ya rayu, amma ƙafar ta sami tabo, sai da ya kusa shekara uku kafin ya taka. Aikinki ya tafi. Na sha jin kina kuka a waya da mahaifiyarki. A cikin shekarun nan kika shirya da Kindo, duk jaririn da aka kawo da zobe shi yake zuwa ya buɗa shi yadda ba zai ci nama ba, kuma har yau ɗansa na yi mana wannan aikin. Mata suka riƙa kawo miki yara ki saya. Ba duka suka rayu ba, kuma duk wanda ya rasu da hannunki kika yi masa wanka.

Ranar da yaron ya taka, Kindo ya zo ya ce an sallame ki, kina iya komawa gida. Kika dubi Tampure yana jan ƙafa a tsakar gida kika ce wannan ai ba tafiya ba ce, ɗingishi ne, sai ya daina za ki tafi. Shekara ashirin da wani abu kina ba da amsar nan. Ita kika bai wa ɗan'uwanki Karim duk zuwansa, ita kika bai wa waɗanda suka ce baƙi su bar arewacin ƙasar da tsaro ya lalace. Tampure ya girma, ya zama bakanike, kina tsokanarsa da bawanki, shi kuma yana cewa uwargijiyar da ba ta iya cin tuwo da hannu ba.

A maƙabarta liman ya tambaya ko akwai na jikinki da zai shiga kabari ya karɓe ki. Karim bai sami isowa ba, maza suka tsaya kallon juna. Sai Tampure ya cire takalmi ya ce, "Ni ne. Ita ta saye ni."

Na tsaya daga nesa tare da mata ina kallonsa yana dawowa, ƙasa har gwiwa. Har yanzu yana ɗingishi, Huriya. Kin ce ba za ki koma ba sai ya daina, kuma ba ki koma ba.

Allah ya jiƙan ki, ya yafe kurakuranki, ya haskaka makwancinki, ya sa renon marayu ya zame miki inuwa ranar da babu wata inuwa sai tasa. Ina miƙa ta'aziyya ga Karim da dukan dangi a Marsai, waɗanda suka yi rashinki tun kafin mu, da ma'aikatan gidanmu, da Tampure da sauran yaran da kika saya da gishiri da goro. Allah ya ba mu haƙuri, in tamu ta zo ya sa mu cika da imani. Amin.