Ranar da Na Sa Kwat ɗinsa

A garin da rana ke narkar da kwalta, mutum ya sa baƙin kwat da wando, ya shaƙe wuyansa da laktaye, ya kafa hula zanna, ya tsaya a bakin layi tun daga busar farko har ta ƙarshe, wai shi koci. Kuma mutane su ce ya yi kyau. Abin da ke ƙona mini rai shi ne ya yi kyan. Wallahi ya yi.

Abokina ne tun muna buga ƙwallon tsumma a bayan Kasuwar Kifi ta Baga Road, inda mahaifina yake da rumfar banda. Mahaifinsa ya rasu yana ƙarami, don haka kwanonmu ɗaya a gidanmu, kuma har yau Baba ɗana yake ce masa. Tare muka yi ƙwallo, ni a baya shi a tsakiya. Tare gwiwa ta kore mu daga fili, tare muka zauna a ajin koyon horarwa. Da wani kulob na ƙwararru a nan Maiduguri ya tashi ɗaukar masu horarwa, sai aka ce shi ne babban koci, ni mataimaki. Na yi masa murna da baki, na je gida na kasa cin tuwo.

Dokar kulob a kan sutura ba ta da tsawo. Babban koci ya sa abin da ya ga dama muddin na mutunci ne. Duk sauran masu zama a benci kuwa tiraksut ɗin kulob za su sa, shuɗi, iri ɗaya: ni da mai tausa da mai kula da kaya, har direban bas idan ya ga damar zama. Ga kuma dokar wasa da ta ce mutum ɗaya ne zai tsaya a cikin ɗan akwatin da aka zana a gaban benci. To shi yana tsaye cikin kwat, ni ina zaune cikin roba. Ni nake kwana ina kallon bidiyon abokan karawa, ni nake raɗa masa wanda za a cire da wanda za a saka, shi kuma ya gyara hularsa ya ɗaga hannu, filin ya ɗauki ihu. 'Yan kallo suka laƙaba masa Mai Kwat. Rediyo ta ɗauka. Samari suka fara zuwa ɗaurin aure da kwat da hula zanna, suna gumi kamar an jiƙa su. Ni kuwa wata rana wani ɗan jarida ya miƙo mini jakarsa a ƙofar fili ya ce in riƙe masa.

Duk wannan da sauƙi. Baba ne matsalata. A wurinsa aikin da ake yi da wandon roba ba aiki ba ne. Idan na biya rumfarsa daga tirenin sai ya shafa ƙafar wandona ya ce, "Mutum da gemunsa da 'ya'yansa yana yawo da kayan barci." Yanar ido ta fara rufe masa gani a shekarun nan, ba ya gane fuska sai an matso sosai, da tufafi da murya yake tantance mutane. Amma idan maƙwabtansa na kasuwa suka kanga masa waya a hanci suka nuna masa hoton abokina, sai ya washe baki. "Ka ga mutum! Wannan ko gidan gwamnati ya shiga sai an ba shi kujera." Ban taɓa jin ya faɗi rabin wannan a kaina ba, kuma abin da nake so ke nan tun ina yaro, ba na jin kunyar faɗa.

Sai Allah ya kawo wani wasa da muka je waje. Alƙali ya hana mu fanareti ƙiri-ƙiri, abokina ya yi ƙwallo da robar ruwa har ta faɗa cikin fili, aka ɗaga masa jan kati. Hukuncinsa shi ne ba zai zauna a benci a wasa na gaba ba, wanda za mu yi a gida. A bas kowa ya yi jugum. Ni ma na yi jugum ɗin, amma a zuci tela nake zaɓa.

Kwat dai ba zan sa ba, kada a ce kwaikwayonsa nake. Na sayi farar shadda, mai tsada, irin wadda ke ɗaukar ido, na kai ɗinki: kaftani mai tsayi da wando, aiki kaɗan a wuya. Fari na zaɓa da gangan, don shi ne launin da idon Baba ke iya kamawa daga nesa. Na kai hulata zanna wurin mai wankin hula na ce ya sa mata sitati har ta tsaya da kanta. Sannan na je rumfa na durƙusa.

"Baba, ranar Lahadi ni zan ja kulob. An dakatar da shi wasa ɗaya. Ina so ka zo."

"Ni? Filin ƙwallo? Da tsufana?"

"Za ka zauna a inuwa, a bayan bencinmu. Ka nemi farin kaftani a gaban benci. Mutum ɗaya ake bari ya tsaya, kuma ni ne."

Ya daɗe yana juya wata busasshiyar tarwaɗa a hannunsa. Can ya ce zai zo da maƙwabcinsa na rumfa, wani dattijon Shuwa da bai san ko mutum nawa ke buga ƙwallo ba. Baba bai taɓa taka filin wasa ba, ko lokacin da nake bugawa.

Ranar Lahadi da safe a gidana na Galtimari matata ta turara kaftanin har ɗakin ya cika da hayaƙi. Ta ninke tiraksut ta ce in jefa a jaka ko don tsaro. Na ce ta kawar mini da shi, yau ko warinsa ba na son ji.

Akwai taron da ake yi da safiyar kowane wasa, inda kulob biyu ke kawo rigunansu a gaban kwamishinan wasa a daidaita launi. Aikina ne zuwa wannan taro, kullum ni nake zuwa. Ranar na ga na fi ƙarfinsa, ai babban koci ba ya zuwa, sai na tura sakatare na wuce karɓo hulata. A taron nan aka ga rigar baƙi ta yi kama da tamu, aka ce su sa ta biyu. Ta biyun fara ce fat, riga da gajeren wando da safa.

Ban sani ba sai da na fito duba fili, ina tafiya a hankali don shaddar ta yi amo. Kwamishinan wasa ya tare ni da murmushi, ya ce, "Koci, ka sha kyau, amma ba za ka tsaya a layi da wannan ba." Ya bayyana mini abin da na riga na sani, abin da ni kaina nake koya wa wasu: mai tuta yana gudu a gefen nan yana kallon farare da wutsiyar ido, idan ya hango fari a bakin layi zai ɗauka ɗan wasa ne. Na ce yaushe ɗan wasa ya taɓa shiga fili da kaftani har ƙwauri? Na ce wannan suturar iyayenmu ce. Na ɗaga murya, na kawo maganar al'ada, har da mulkin mallaka na jawo. Mutumin nan ya bar ni na gama, ya ce ko in sauya ko in hau sama in zauna kusa da maigidana. Maigidana! Kalmar ta fi jan kati zafi.

A ɗakin sauya kaya mai kula da kaya ya miƙo mini wani tiraksut na ajiya. Na tsaya ina kallonsa. In kira Baba daga kasuwa, da sandarsa, don ya zo ya ga kayan barci? Sai wayata ta yi ƙara. Abokina ne, daga ɗakin manyan baƙi a can saman rumfa, inda hukunci ya ajiye shi.

"Na ga abin da ya faru," in ji shi. "Buɗe kabad ɗina. Kwat ɗin na nan a rataye, an goge. Tsayinmu ɗaya ai."

Da ma dariya ya yi mini, da na samu abin riƙewa. Bai yi ba. Halinsa ke nan tun muna yara, ya ƙwace maka abu ba da niyya ba, sannan ya zo ya taya ka nema. Na buɗe kabad ɗin ina zagi a ciki-ciki. Kwat ɗin ya zauna mini kamar a jikina aka gwada, wannan ma ya ƙara mini haushi. Na rataye farar shaddata a inda na ciro shi, na mayar da hulata kai, na fito.

Ina leƙowa wani shaƙiyyi a cikin 'yan kallo ya ƙwala, "Mai Kwat!" Sauran suka fashe da dariya suka ɗauka, rumfa gaba ɗaya, suna tafi suna maimaitawa. Sun san ni ne, tsokana ce. Na waiga na hango Baba a layin gaba, da babbar rigarsa ta Juma'a, ya kare ido da tafin hannu yana dube-dube. Na ɗaga masa hannu. Ya ɗago mini nasa, ya ci gaba da dube-dubensa. Kafin in yi wani tunani aka busa.

Zan faɗi gaskiya, na ji daɗin tsayuwar nan. A ciki gumi ne ke gangara har cikin takalmi, ashe azabar da abokina yake sha ke nan yana murmushi, amma idan na ɗaga hannu yara na juyowa, idan na yi tsawa ana ji. Bayan hutun rabin lokaci na cire ɗan gabanmu da kowa ke ji da shi, 'yan kallo suka yi mini ihu, na saka wani siriri da na daɗe ina roƙon a ba shi dama. Shi ya ci mana. Ɗaya mai ban haushi muka tashi. Ban yi tsalle ba, na dai gyara hula, na ɗaga hannu ɗaya, sai daga baya na tuna wa ke yin haka.

Ana busa tashi na ruga ɗaki. Ko minti ɗaya ban so in ƙara a cikin kayan mutumin nan ba, kuma na rantse da shaddata Baba zai gan ni. Na tuɓe kwat ɗin na wurgar a kan benci, na watsa ruwa, na zura kaftanina, yana nan da karin gugarsa da ƙamshinsa, na fita da sauri.

Na same su a bakin ƙofa, dattijon Shuwa na riƙe da hannunsa.

"Baba, sannu da zuwa. Ka ga wasa?"

"Au, ga farin nan sai yanzu," in ji shi. "Ina ka shige? Tun da na zauna nake neman ka har idona ya yi ruwa. Ashe an yafe wa ɗan'uwan naka ya dawo."

"Baba, ni ne. Ni ne na tsaya. Hana ni sa fari aka yi, na ari kayansa."

Ya miƙo hannu ya shafa ƙirjina, ya shafa kafaɗata, ya murza shaddar tsakanin yatsunsa yadda yake gwada kifi. A bushe take ƙayau.

"Kai da ko gumi ba ka yi ba?" Ya yi 'yar dariya. "Da kunnena na ji filin nan kaf yana kiran Mai Kwat. Har hannu ya ɗago mini, yaron kirki. Kai dai ba ka sauya ba. Tun kuna ƙanana, in ya ci ƙwallo sai ka zo gida ka ce kai ka ba shi."

Na juya wurin dattijon Shuwa. Ya ce shi dai ya ga mai baƙaƙen kaya da hula, kuma ya yi ƙoƙari ƙwarai.

Muna cikin haka sai ga abokina ya sauko, cikin wata 'yar jamfa ruwan ƙasa, yana ratsa mutane. Ya durƙusa har ƙasa ya gai da Baba, "Wushe, Baba, wushe," Baba ya gane muryar nan take ya kama kan abokina da hannu biyu yana sa albarka. Ya yaba tsayuwarsa, ya yaba natsuwarsa, ya ce bai san ƙwallo ba amma ya san shugaba idan ya gan shi, ko motsin hannunsa daban ne. Kalmomin da na yi shekaru ina jira ke nan. Nawa ne, ni na yi tsayuwar, ni na ɗaga hannun, kuma ina tsaye a gefe ana zuba su a kan wani.

Abokina ya ɗago a firgice, ya dube ni, ya gane.

"Baba, wallahi ba ni ba ne. Ni ina sama a zaune. Shi ne ya sa kayana, shi ya ja wasan nan tun daga farko har ƙarshe."

Sai na ga idon Baba ya ciko, ya ƙara damƙe hannun abokina, ya juyo wajen farin da yake hange.

"Ka ji ko? Har yabonsa yake cirewa ya ba ka, don kada ka ji kunya a gabana. Ka riƙe shi da kyau, ɗana. Irinsa ba su da yawa."

Ya bar dattijon Shuwa, ya miƙo mini sandarsa, ya dafa kafaɗar abokina, ya ce ya raka shi bakin titi ya samar masa keke. Na bi su a baya da sandarsa a hannuna, shaddata tana ta amo.