Kafaɗar Ilu a Takardar Tsire

Shekara bakwai ke nan da rasuwar abokina Habu mai zane. Na so in tuna da shi cikin sanyin rai, amma abin da na gani a tashar Matameye watan jiya ya hana ni.

Habu bai taɓa zana fuskar mutum ba. Da an gama girbi, maza sun ɗaure kaya za su cin rani Kano da Legas da Fatakwal, sai ya shimfiɗa tabarma bayan motoci, ga gawayi, ga takardar buhun siminti da ya kakkaɓe ya danne da dutse. Bayan mutum yake zanawa: ƙeya, zaman hula, yadda kafaɗa ke sauka ƙarƙashin jaka. In ya gama ya guntsi ruwan ƙaro ya fesa, don kada gawayin ya goge. Wasu na cewa tsoron malamai ya hana shi zana fuska. Da na tambaye shi, dariya ya yi.

"Alhaji, wadda aka bari a gida, me take gani na ƙarshe? Ai ƙeya ce."

Ba ya sayarwa, ba ya sa suna. In rani ya yi nisa, iyaye mata kan leƙo zaurensa, kowacce ta tono nata cikin tarin takardu, kuma ban taɓa ganin wadda ta yi kuskure ba.

Na zauna Dakar, na zauna Alƙahira, na shiga gidajen ajiyar zane a Faransa, inda mai gadi zai tsawata maka in ka matsa kusa da gilashi. Na ga zanen da bai kama ƙafar na Habu ba ana lallaɓa shi kamar jariri. Mu kuwa ga abin da muka yi.

Tsire na saya. Ina warware takardar sai na ga baƙin layi ƙarƙashin yaji. Na buɗe ta duka. Kafaɗar ƙanena Ilu ce, ta hagu da ta fi ta dama sauka tun faɗuwarsa daga amalanke. Ilu ya tafi Fatakwal, can aka binne shi, bai bar mana ko hoto ɗaya ba.

"Wallahi Alhaji, Sani ya kawo mini," in ji mai tsiren. "Takarda ce mai ƙwari, ba ta yoyon mai."

Sani ɗan Habu ne na fari. Na same shi yana share ɗakin uban, zai sa kaya a ciki.

Na nuna masa takardar, ya ce, "Haba Baba, ko fuska fa babu! Yanzu kowa yana ganin nasa a waya."

Fushina bai tsaya kan Sani ba. Ina waɗanda suka cika ƙofar gidan da manyan riguna ranar ta'aziyya, suna cewa gari ya yi rashi? Shekara bakwai, ba wanda ya kawo ko akwatin ƙarfe ɗaya. Da Habu zai ga tashar nan yau, kowa ya ɗaga waya yana ɗaukar fuskarsa yana murmushi, na san abin da zai tambaya: wa ke kallon mai tafiya bayan ya juya? Waya tana nuna fuskar da mutum ya shirya. Habu ya kama abin da ba a shiryawa, nauyin da ke kan wanda ya bar iyalinsa.

Abin da gara da mai tsire suka rage na kwashe, yana zaurena. Duk wanda nasa ya taɓa hawa mota a tashar nan, ya zo ya duba. Ba zan riƙe su ba, shekaruna sun ja, kuma ban san hannun da za su faɗa bayana ba.

Ta Ilu kuwa na kai wa matarsa Rabi, ban gaya mata ko ta wace ce ko ta wane ne ba. Mai ya cinye wuyan, yaji ya ɓata hular. Ta riƙe takardar nesa da ido, ta daɗe.

"Yaya," ta ce, "wa ya zuba wa Ilu mai a riga?"